Wata huɗu ina tattaki, sikeli ya ƙi motsi: in haƙura ne?

Uwar Tagwaye:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya cika mini ciki. Shekaruna 46. Wata biyar da suka wuce aka tabbatar mini da ciwon suga nau'i na biyu, aka ɗora ni a kan maganin suga metformin, aka ce lallai in rage ƙiba. Gwajin nan da ke nuna matsakaicin sugan jini na wata uku, HbA1c, ya nuna 8.1, nauyina kuma kilo 94. Ban yi wasa ba. Kwana biyar a mako nake fita tattaki, minti 40, har sai rigata ta jiƙe. Ko ranar da jikina ya mutu sai na lallaɓa na fita. Jiya na hau sikeli, kilo 92 da rabi. Wata huɗu cur, kilo ɗaya da rabi! Wallahi sai da na yi hawaye. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, motsa jikin nan yana da amfani ga irinmu, ko wahalar banza nake sha?

Kakar Yara:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, share hawayenki. Ni da nake fama da gwiwa, da zan iya minti 40 ɗin nan da na yi sadaka don murna. Bari masana su zo.

Mai Lissafi:
Anti, ki yi haƙuri zan faɗi abin da ba lallai ya yi daɗin ji ba. Sikelinki bai yi ƙarya ba, kuma jikinki bai lalace ba, lissafin ne haka. Kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700. Tattakin minti 40 ga mai nauyinki bai wuce ya ƙona kalori 200 ba, ko sama kaɗan. Sau biyar a mako, 1,000 ke nan. A mako 17 kin ƙona kamar 17,000. Raba da 7,700, kilo biyu da 'yan kai. Kin ga abin da kika samu kusan shi ne abin da ya kamata ki samu.

Akwai ma wani abu. Wani masani, Herman Pontzer, ya auna ƙarfin da mutanen Hadza na Tanzaniya ke ƙonawa a yini, mutanen da rayuwarsu farauta ce da yawon neman abinci a daji. Sakamakon ya fito a 2012: in aka yi la'akari da girman jiki, abin da suke ƙonawa bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. Jiki yana da dabarar tsuke kashe ƙarfi ta wani gefe in ka buɗe masa ta wani. Ra'ayina, ƙiba a kwano take, ba a ƙafa ba. Wanda ke son rage nauyi ya duba abin da yake ci, ya daina azabtar da kansa a hanya.

Likitan Zaure:
Mai Lissafi, lissafinka daidai ne, amma ka amsa rabin tambaya ka bar rabin da ya fi nauyi. Hajiya ba ƙiba kaɗai ce damuwarta ba, tana da ciwon suga. Shi kuwa suga ba a sikeli ake ganinsa ba.

Hajiya, bari in yi miki bayanin abin da ke faruwa a jikinki duk lokacin da kika fita. Idan mutum ya ci abinci, suga ya shiga jini, mafi yawansa, wajen kashi 80 cikin 100 na abin da insulin (sinadarin da jiki ke yi don shigar da suga cikin ƙwayoyinsa) ke turawa, tsoka ce take kwashe shi. A nau'i na biyu matsalar ita ce tsokar ta daina jin kiran insulin yadda ya kamata. Insulin na ƙwanƙwasa ƙofa, ƙofar ba ta buɗuwa sai da ƙyar, sai sugan ya yi ta yawo a jini yana cin jijiyoyi, da ido, da ƙoda. To a cikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu 'yan mashigai da ake kira GLUT4. Abu biyu ne ke fito da su bakin ƙwayar don su shigar da suga: insulin, da kuma aikin tsokar kanta. Wato idan cinyarki da sharaɓarki suna aiki, suna jan suga daga jini ko da insulin bai yi magana ba. Bayan kin dawo kin huta kuma, tsokar takan ci gaba da jin kiran insulin fiye da da, daga yini guda har zuwa kwana uku, gwargwadon yawan aikin da tsananinsa. Shi ya sa Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ke cewa kada mai suga ya haɗa fiye da kwana biyu a jere ba motsi. Amfanin kamar magani yake, yana ƙarewa, sai an sake sha.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2001 an tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan masu nau'i na biyu, aka ga motsa jiki ya sauke HbA1c da kusan 0.66, alhali nauyin mutanen bai canza a zo a gani ba. Ki riƙe wannan da kyau: sugan ya sauka, sikeli bai motsa ba. Halin da kike ciki ke nan mai yiwuwa. Tambayata ɗaya, kin sake gwajin wata ukun?

Uwar Tagwaye:
Likita, ban koma ba. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni. Ranar farko wata ma'aikaciya ta dube ni a gaban mutane ta ce in ban rage wannan jikin ba to in kuka da kaina. Sai na ƙudura ba zan koma ba sai na zubar da ko kilo goma ne. Maganin dai ina saye ina sha.

Malama Nas:
Yaya, wannan maganar ta sosa mini rai, domin aikina ne, kuma na san muna yin haka. Ina ba ki haƙuri a madadin wadda ta faɗa miki. Ba daidai ba ne. Ƙiba ba rashin tarbiyya ba ce, akwai gado a ciki, akwai haihuwa, akwai rashin barci, akwai magunguna, akwai yanayin aikin mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana da ƙiba mai yawa. Ba zai yiwu a ce duk waɗannan ragwaye ba ne. Kuma abin da na gani da idona, wanda aka kunyata ba ya ramewa, guduwa yake yi daga asibiti, sai ya dawo mana da gyambo a ƙafa. Don girman Allah ki koma a gwada ki. Wata biyar a kan magani ba tare da an duba ba ya yi yawa.

Sannan ki samo tef ɗin awo irin na tela, ki auna ƙugunki, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin kwankwaso, bayan kin saki numfashi. Kitsen da ya fi cutarwa shi ne na cikin ciki, wanda ke naɗe hanji da hanta, kuma shi ne motsa jiki ke fara taɓawa. Ƙa'ida mai sauƙi: ƙugu kada ya kai rabin tsawon mutum. Sau da yawa zani kan saki kafin sikeli ya yarda.

Tsohon Direba:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, jikana ke taya ni rubutu, amma ina da abin cewa. Shekara 31 na yi a kan sitiyari. Daga kujerar mota sai tabarma, daga tabarma sai kujerar mota. Tumbi ya fito har yana gogar sitiyari, a lokacin ina ganin alamar hutu ce. Ina da shekara 58 aka ce suga. Yanzu shekara shida ke nan. Abin da nake yi ba shi da yawa: duk bayan cin abinci nakan tashi in taka minti goma zuwa sha biyar, sau uku a rana. Ina da na'urar gwaji a gida, kuma gani ya kori ji. Daren da na ci na kwanta, da daren da na ci na taka, lambar ba ɗaya ba ce. Tumbin yana nan, ya ɗan ragu dai, amma yawan fitsarin dare da ƙishirwar nan sun tafi. 'Yata, kada ki bari. Wanda ya ce ki daina bai taɓa tashi sau biyar cikin dare ba.

Likitan Zaure:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka gano da na'urarka, masana a jami'ar Otago ta Niyu Zilan sun gwada shi, suka fitar a 2016. Masu nau'i na biyu suka yi tattakin minti 30 a dunƙule na wani lokaci, sannan suka koma minti goma bayan kowane abinci. Tafiyar bayan abinci ta fi sauke hawan sugan da ke biyo bayan ci, musamman na dare, lokacin da yawancin mutane ke ci su zauna.

Sana'arka kuma ta tuna mini wani abu. Ilimin nan gaba ɗaya kusan da direbobi ya fara. A 1953 wani likita, Jerry Morris, ya kwatanta direbobin bas masu hawa biyu na Landan da kwandastocinsu. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba na zaune yini guda, kwandasta na hawa da sauka a matakala. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi kashe su da wuri.

Mai Lissafi:
Likita, ranka ya daɗe, ban musa ba, amma a faɗi ɗaya gefen ma. Binciken Look AHEAD a Amurka ya ɗauki masu suga 5,145 masu ƙiba, rabi aka sa su rage ci da motsa jiki sosai. An dakatar da shi a 2012 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ba su ragu ba in aka kwatanta da ɗaya rabin. Sannan wanda ya fi ba ni mamaki shi ne DiRECT na Birtaniya, na su Roy Taylor da Mike Lean. Da rage abinci kawai, kalori 800 da ɗoriya a rana na wasu watanni, kashi 46 cikin 100 sugansu ya koma daidai ba magani bayan shekara guda. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye, kashi 86. Wane tattaki ne ya taɓa yin haka? Abin da nake tsoro shi ne a sa wa mutane rai cewa tafiya ta wadatar, su dawo gida da yunwa su ci ninkin abin da suka ƙona.

Likitan Zaure:
Ƙanina, tsoronka yana kan hanya, kuma na yarda da kai a abu biyu. Na farko, babu tattakin da zai yi abin da DiRECT ya yi. Lafawar ciwon gaba ɗaya, rage nauyi mai yawa ke kawo ta, shi kuma ba ya samuwa sai an taɓa abinci. Na biyu, gaskiya ne wasu kan rama abin da suka ƙona a kwano ba su sani ba. Sai dai ka tuna DiRECT a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi shi, an tsayar da magunguna bisa tsari, kuma waɗanda ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba aka ɗauka. Kada wani ya karanta nan ya je ya ƙuntata wa kansa ci alhali yana shan maganin da ke sauke suga.

Inda muka rabu shi ne cewar da ka yi a daina azabtar da kai a hanya. Duba binciken rigakafin ciwon suga na Amurka, DPP, da ya fito a 2002. Mutum 3,234 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Aka ce wa rukuni ɗaya su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su yi motsi minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100 a wajensu, a wajen rukunin da aka ba metformin kuma 31. Da aka sake duba alƙaluman, rage nauyi shi ne babban dalili, wannan naka ne. Amma cikin waɗanda suka kasa kai wa ga rage nauyin da aka nema, waɗanda suka cika minti 150 ɗinsu sun samu ragin kashi 44. Sikeli ya ƙi su, ƙafa ta cece su. A Da Qing ta ƙasar Sin ma, inda aka fara da mutum 577 a 1986, rukunin da aka ba motsa jiki kaɗai ya samu ragin kashi 46 cikin shekara shida.

Shi Look AHEAD ɗin da ka kawo, gaskiya ne bai rage bugun zuciya ba. Amma waɗanda suka dage sun fi ƙarfin tafiya da hawa, sun rage shan magani, shaƙewar numfashi cikin barci ta yi musu sauƙi. Ga wanda ke zaune da ciwon, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne.

Kuma akwai abin da lissafin kalori ba ya gani. Duk wanda ya rame ta hanyar rage ci kaɗai, ba kitse zalla yake zubarwa ba, har da tsoka. Haka ma masu amfani da sababbin alluran rage suga da nauyi irin su Ozempic. Mai suga kuwa tsokarsa ita ce rumbun da yake zuba sugansa. Ka rage girman rumbu, ina hatsin zai je? Sannan riƙe nauyi bayan an rage ya fi rage shi wuya, kuma a nan ne motsi ya fi nuna kansa. Rajistar nan ta Amurka da aka buɗe a 1994 don bin waɗanda suka rame suka kuma riƙe, yawancin mutanen cikinta kusan awa guda suke motsi kullum.

Bawan Allah:
Ni dai shaida ne. Tunda na fara sassarfa na watsar da duk magunguna, wata bakwai ke nan, garau nake ji. Magani kasuwanci ne kawai. Hajiya ki ƙara ƙaimi ki ajiye ƙwayoyin nan.

Malama Nas:
Malam, don Allah kada ka ba ta wannan shawarar. Yaushe rabonka da gwaji? Jin garau ba awo ba ne. Suga kan yi shekaru yana cin ƙoda da bayan ido mutum bai ji komai ba, sai ranar da gani ya dushe. Akwai waɗanda likita ke rage wa magani har ya tsayar, muna murna da hakan, amma da sakamakon gwaji a hannu ake yi. In ka yi HbA1c ya fito ƙasa da 6.5 bayan wata bakwai ba magani, zo ka faɗa mana, ni ce zan fara taya ka murna. In kuwa ba ka yi ba, gobe ka je.

Bawan Allah:
Ban gwada ba gaskiya. Zan duba.

Mai Allura:
Ina neman izinin manya in sa baki, domin ana ta maganar nau'i na biyu, mu masu nau'i na ɗaya an manta da mu. Shekaruna 24, tun ina 11 nake allurar insulin. Mu motsa jiki ba zai raba mu da allura ba har abada, domin jikinmu ba ya yin insulin ɗin sam. Duk da haka ina buga ƙwallo, kuma yana taimakona. Abin da nake so a sani shi ne haɗarin faɗuwar suga. Wata rana na yi allura, ban ci sosai ba, na shiga fili. Can sai gumi mai sanyi, hannu na karkarwa, ina ganin mutane bibbiyu, harshe ya yi nauyi. Abokaina sun zaci gajiya ce. Allah ya sa ɗaya ya san halina, ya ɗura mini abin sha mai zaƙi tun ina iya haɗiya. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma, sugan kan sake faɗuwa cikin dare, awoyi bayan an gama wasan, mutum yana barci.

Yanzu ba na fita sai na gwada. Ƙasa da 70 a na'ura, ko 3.9 ga masu ɗaya ma'aunin, faɗuwa ce: a sha suga kamar giram 15, wato cokalin cin abinci ɗaya a ruwa, a jira minti 15, a sake gwadawa. In na ga ƙasa da 90 kafin wasa sai na ɗan ci wani abu tukuna. In kuma ya haura 250 kuma gwaji ya nuna ketone, wato sinadarin da ke taruwa a jini in insulin ya yi ƙaranci, ranar ba wasa, domin motsi a wannan halin ƙara dagula abin yake. Kuma kullum akwai alewa a aljihuna.

Likitan Zaure:
Madalla da wannan, ɗana, ka faɗi abin da ya kamata in fara da shi. In ƙara: ba masu insulin kaɗai ba, masu shan ƙwayoyin suga irin su glibenclamide ko gliclazide da danginsu ma suna cikin wannan haɗarin. Metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da suga haka, don haka Hajiya hankalinki ya kwanta. Wanda ya suma kuma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake nufa da shi.

Sauran masu buƙatar taka-tsantsan: wanda sugan ya taɓa masa bayan ido sosai ya guji ɗaga abu mai nauyi da riƙe numfashi yana yunƙuri, domin jini na iya tsinkewa a idon. Wanda ƙafarsa ta daina jin taɓi ya sa takalmi rufaffe da safa, ya zazzage takalmin kafin ya sa, ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum bayan ya dawo. Mai buɗaɗɗen rauni a ƙafa ba ya tattaki sai ya warke. Duk wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko haki da bai dace da aikin ba, ko jiri, ya tsaya nan take ya nemi likita.

Kakar Yara:
Likita, to mu fa? Shekaruna 67, gwiwoyi duka biyu sun ci, in na taka minti biyar sai na nemi bango. Ana ta cewa a yi taku dubu goma a rana, ni ko dubu ɗaya ban sani ba ko ina yi. Shi ke nan mu an bar mu a baya?

Malama Nas:
Inna, ba a bar ku ba. Dubu goman nan ba daga asibiti ya fito ba. Sunan wata na'urar ƙirga taku ce da aka sayar a Japan a 1965, sunan ya bi duniya. Da aka bi tsofaffin mata a Amurka, sakamakon ya fito a 2019, masu taku wajen 4,400 a rana sun riga sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin kuma ya daidaita a wajen 7,500. Ko a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, bayan an ce minti 150 zuwa 300 a mako, an ce kaɗan ya fi babu, kuma kowane motsi ana lissafa shi.

Ga abin da za ki fara da shi. Kujera mai ƙarfi, a jingine ta da bango. Ki zauna, ki miƙe, ki sake zama a hankali, sau biyar. In da buƙata ki dafa. Kina zaune ki miƙe ƙafa ɗaya sambal, ki riƙe ki ƙirga biyar, ki sauke, ki canza. Ki dafa bango ki ɗaga dugadugai ki sauke. Gorar ruwa a kowane hannu, ki ɗaga ki sauke. Waɗannan su ne ƙarfafa tsoka da ake cewa a yi aƙalla sau biyu a mako, kuma tsokar cinya in ta yi ƙarfi ita ce ke ɗauke wa gwiwa kaya. Ɗan ciwo da ke lafawa kafin gobe ba komai, amma in gwiwar ta kumbura ko ta yi zafi, ki dakata a duba. Minti biyar ɗin da kike iyawa kuma, ki yi shi sau uku bayan abinci kamar yadda Baba Direba ke yi. Sha biyar ke nan.

Uwar Gida:
Tambaya a taƙaice: aikin gida fa? Shara, wanki, goyo, hawa da sauka. Ni ba na zama tun safe, amma an ce sugana ya fara hawa.

Likitan Zaure:
Ana lissafa shi in ya kai mizani. Gwajin mai sauƙi ne: in kina aikin numfashinki ya ƙaru, kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, to ya kai matsakaici. Yawancin aikin gida gajiya yake kawowa ta tsayuwa da sunkuyo, ba ya ɗaga numfashi. Ya fi zama nesa ba kusa ba, amma ki ƙara masa tafiya mai sauri. Masu aikin zama kuma su riƙa miƙewa duk bayan minti 30, ko na minti uku ne. Ke da sugan bai kai ciwo ba, ke ce ainihin wadda binciken DPP ya yi magana a kanta.

Uwar Tagwaye:
'Yan uwa, na dawo bayan kwana goma. Na cije na koma asibiti, wata ma'aikaciyar daban na tarar, ta karɓe ni da mutunci. HbA1c ya sauko daga 8.1 zuwa 7.2. Hawan jinina ma an ce ya yi kyau. Ƙugu ban auna a farko ba, don haka ba ni da abin kwatantawa, amma na auna yanzu na rubuta, santimita 104, tsawona kuma 162. Na san da sauran tafiya. Sikeli yana nan a 92 da rabi.

Mai Lissafi:
Alhamdulillahi Anti, na yi murna ƙwarai. Adalci dai a ce metformin ma yana da kaso a wannan saukar, ba za a iya raba na magani da na tafiya ba. Kuma ina nan a kan bakata game da abinci. Amma maganar da na yi cewa ki daina fita, na janye ta, ban yi tunanin sugan ba sai kilo.

Likitan Zaure:
Haka ne, ba za a iya rabawa ba, kuma ba a buƙatar rabawa, duka biyun za ta ci gaba da su. Hajiya, ga yawancin manya ana neman ƙasa da 7, kin kusa. Abu biyu za ki ƙara. Ki nemi a haɗa ki da masanin abinci a asibitinku, domin kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinki, wato kilo biyar zuwa shida da rabi, shi ne zangon farko, ba kilo goman da kika ɗora wa kanki ba. Sannan ki shigar da ƙarfafa tsoka sau biyu ko uku a mako, ba a ranaku a jere ba. Wani gwaji da aka yi a Kanada a 2007 ya nuna haɗa tafiya da ƙarfafa tsoka ya fi kowannensu shi kaɗai sauke HbA1c. An duba miki ido da ƙoda?

Uwar Tagwaye:
An ɗauki fitsari da jini na ƙoda, ido kuma an ba ni rana wata mai zuwa. Malama Nas, atisayen kujerar da kika koya wa Inna zai yi mini, ko nawa daban ne?

Malama Nas:
Zai yi, Yaya, amma ke kada ki dafa, kuma ki yi goma, ki huta minti ɗaya, ki sake goma. Ki ƙara da tura bango da hannu biyu sau goma. In sati biyu ya wuce kika ji ya zama wasa, ki rungumi gorar ruwa mai lita biyu a ƙirji kina tashi da ita.

Kakar Yara:
Ni yau na yi bakwai, biyun farko ban dafa ba. Gwiwar hagu ta ɗan yi magana da yamma amma ba ta kumbura ba. Malama, gobe in huta ne ko in sake?

Malama Nas:
Ki huta da na kujerar gobe, Inna, ki yi tafiyarki ta bayan abinci kawai. Jibi ki sake bakwai ɗin, kada ki ƙara tukuna.